Dabinon Tabawa

A unguwar Obitara, cikin tsohon garin Agadas, in mace ta haihu mutum biyu ake aika wa, kuma ba a kiran ɗaya a bar ɗaya. Mairo ungozoma ta zo da askarta ta yanke cibiya, Tabawa mai dabino ta zo da bakinta. Taubasai ne, uban Tabawa da uwar Mairo ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun daga zaure suke fara tsiya. Mairo ta ce, "Ga ƴar In-Gall nan, ku ɓoye tuwo." Tabawa ta ce, "Ku ɓoye jaririn dai, mahauciya ta iso." Har mai jego takan roƙe su su yi wa Allah su bari, dariya tana tayar mata da ciwo.

A In-Gall aka haifi Tabawa, a gidan wani Bahaushe da ya je sayen dabino, ya ga inuwa, ya zauna. Ta tashi a gindin dabino, ta san wanda ya nuna a uwa da wanda aka tsinka aka shanya ya nuna dole. Ta auri Illiya mai jakuna, wanda ke kawo gishirin Tigidda cikin Agadas, ta biyo shi. Illiya mutum ne da in ya ce "to" da safe ya gama maganar ranar. Sauran ya bar wa matarsa, ita kuwa ba ta taɓa barin ta ta lalace ba. Sun daɗe tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu ya bar mata ɗaki biyu, da jaki guda mai taurin kai, da gurbi a kasuwa inda take kasa dabinon garinsu a faifai.

Sunnar nan ta a tauna dabino a lakata wa jariri a dasashi, da can wani tsohon malami ne ke yi wa unguwa. Malam ya tsufa, haƙoransa suka riga shi tafiya. Ran nan aka haifi wani yaro da ya ƙi kama nono, an yi juyin duniya ya ƙi, sai ga Tabawa ta zo barka da dabino ƙulle a gefen zane. Ta ce, "Ku ba ni shi, ƙila ɗan kasuwa ne, sai ya ɗanɗana yake saye." Ta tauna, ta yi bisimilla, ta lakata masa da ɗan yatsanta na dama, wanda ake nuni da shi. Yaro ya cafke yatsan ya tsotsa, aka miƙa shi ga uwarsa, ya kama. Daga ranar aikin ya zama nata. Matar da ba ta taɓa haihuwa ba ta wayi gari da rabin unguwa tana ce musu ƴaƴan bakinta, kuma ko sun yi gemu, in suka wuce ba su gaishe ta ba sai ta tuna musu cewa yawunta ne abincinsu na fari a duniya.

Ita ma askar Mairo tana da nata darajar. Gado ce daga kakarsu. Ba a wanke ta, sai dai a goge a gefen zane, don albarkar ƴaƴan da ta raba da uwayensu tana jikinta. Daga haihuwa zuwa suna ana soke ta a ƙasa kusa da kan jariri, ta tsare shi daga abin da ido ba ya gani. In babu haihuwa, wurin zamanta tsagar bangon turken awaki.

Ƴan shekaru bayan an sauke tutar Faransa an ɗaga ta Nijar, bakin Tabawa ya fara ciwo. Da fari yaji ne ya daina yi mata daɗi. Daga nan tsamiya, daga nan goro, har shayi mai zafi. Ta ari madubi ta tsaya a rana ta ja kuncinta, ta ga wani farin zane-zane a ciki kamar saƙar gizo, tsakaninsa ja wur kamar an saɓule fata. Ta kurkure da bagaruwa, ta kurkure da kanwa, ta shafa gishirin Tigidda har ta ga marigayi Illiya da jakunansa a tsakiyar rana. Ciwon yakan lafa, ta ce ya tafi, ya dawo kamar baƙon da ya manta takalminsa. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta dai rage buɗe baki in tana dariya.

Ana cikin haka Biba, autar Mairo, ta haifi ɗanta na fari a ɗakin uwarta. Ranar bakin Tabawa a tashe yake, ko ruwa da ƙyar. Ta tsaya a zaure tana shawara da zuciyarta, sai ta ji muryar Mairo daga ciki: "Ina ƴar In-Gall? Ko sai an aika mata raƙumi?" Ta shiga. Ta tauna dabinon hawaye na cika mata ido, mata suka ɗauka na murna ne. Da ta lakato shi a yatsa ta ga ɗan ja-ja a jiki wanda ba na dabino ba ne. Wata maƙwabciya, Kadidia, ita ma ta gani. Yaron ya kama yatsan da ƙarfi, har Tabawa ta ce a zo a taimake ta, wannan da hannun gaba ɗaya zai tafi.

Kafin suna ya zagayo yaron ya daina kama nono. Bakinsa ne ya fara kullewa, muƙamuƙi ya ƙi buɗewa, daga nan jikin ya sanƙare, bayansa yana lanƙwashewa in an taɓa shi. Ana gobe suna ya koma, ragon yana ɗaure a tsakar gida yana kuka. Sunan da ubansa ya raɗa masa a kunne, da shi aka rufe shi, ba wanda ya ji.

Ba wanda ya ce wa Tabawa komai. Kadidia ta dai faɗa wa mutum ɗaya abin da ta gani, ta ce kar a faɗa wa kowa, shi ya sa kafin Juma'a har masu ɗiban ruwa sun sani. Ciwo a baki, yaro ya mutu ta baki, wane bayani kuma ake nema? Aka haihu a gidan maƙera ba a aiko ba. Aka haihu bayan masallaci ba a aiko ba. In ta shiga gida ta nemi ruwa, sai a ɗauko mata wata moɗa daga can ƙuryar ɗaki. Duk wannan ta iya ɗauka. Abin da ya karya ta shi ne Mairo ta daina zaginta. In sun haɗu sai ta ce, "Ina kwana, Tabawa, yaya jiki?" da ladabi, kamar mai gaida matar alƙali.

Daga nan yatsan ya fara. Ba da dare ba, da dare tana barcinta. Bayan azahar ne, lokacin da rana ke danne gari, kasuwa ta yi tsit, ko ƙuda ya nemi inuwa. Tana zaune gaban faifai sai ta ji an kama yatsan. Dasashi ne, mai laushi, mai ɗumi, yana ja a hankali yana saki, yana ja yana saki. In ta duba, yatsa a bushe. Ta zauna a kan hannun, ta naɗe shi da tsumma, ta sa masa lalle, ta sha rubutu. In azahar ta yi sai ya zo. Abin da ya fi ci mata rai, ba ta da sunan da za ta kira shi da shi ta nemi gafara. Sai dai ta ce, "Kai wane, ka yi haƙuri," shi kuwa ya ci gaba da tsotsa.

Ta rame, zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Damina ta wuce, korin Telwa, rafin da ke gefen gari, ya kawo ruwa ya janye, aka yi bikin Biyanu ba ta fita kallo ba. Wata rana sai ga Biba a gaban faifanta, ciki ya fito. Ta tsuguna da ƙyar tana zaɓen dabino, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Inna Tabawa, ki je likita a duba bakin nan. Ni ban san abin da mutane ke faɗi ba, kuma ba na son in sani. Ke kika tauna mini nawa dabinon da aka haife ni."

Washegari Tabawa ta je. Majo Hassane, babban ma'aikacin jinya, shi ne ke duba mutane a lokacin, wani Bazabarme daga wajen Doso, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin likitocin annasara har ya koyi saurin fushinsu bai koyi hutunsu ba. Ya juya ta wajen taga, ya danne harshenta da ɗan itace, ya duba dama da hagu.

"Bon. Na san shi. Tun yaushe, Inna?"

"Tun kana da gashi a ka."

"To ya daɗe." Ya buɗe wani akwati ya ɗauko ɗan bututun dalma da bai fi yatsa ba. "Wannan mai ne, sunansa kortizon, daga Yamai ya zo. Ba ya kashe ciwon, kwantar da shi yake yi. Bayan kin ci abinci ki kurkure, ki tsane wurin da tsumma mai tsabta, ki lakata kaɗan da yatsa ki shafa a kan jan. Kar ki ci, kar ki sha, sai kin ja carbi ya zagaya ya sake zagayawa. Kin gane?"

Ta ce ta gane. Mutane sun cika dakali suna jira, bai tsaya ya ga yadda ta kalli hannunta ba.

A gida ta yi duk yadda aka ce, har ta kai ga yatsa. Yana taɓa dasashinta ta ji kamar baki biyu ne a kansa, nata da wani. Ta fizge hannun. Hagu ba ta shiga baki. Sauran yatsun dama kuwa, in sun shiga, shi ma yana nan tsaye a bakin ƙofa. Sai ta yi abin da ta saba yi wa kowane yaro mai ƙin magani a unguwar: ta tsaga dabino, ta cire ƙwallon, ta matsa man a ciki, ta rufe, ta tauna ta haɗiye. Safe da yamma, ba ta fasa ba har bututun ya lotse.

Da ta koma bakin yana nan yadda yake. Majo ya juya bututun a hannu, ya tambaye ta yadda take shafawa, ta faɗa masa gaskiya. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Inna, abin da aka ɗoro a kamiyo, babbar motar kaya, tun daga Yamai don kumatunki, shi kika yi wa cikinki miya da shi?"

"Ba ma daɗi ne da shi ba."

"Ba don daɗi aka yi shi ba. Magani ne na zama. In bai zauna a kan ciwon ba, wucewa kawai ya yi ya gaishe shi. Me ya hana ki sa yatsa?"

Ranar babu mutane da yawa. Ta ɗora hannun a cinya, ta ba shi labari tun daga zauren gidan Mairo har ragon da ya kwana yana kuka. Ba ta faɗi sunan kowa ba. Majo bai yi dariya ba ko da ta zo kan azahar.

Ya ce, "Saurara. Ciwonki ba ya tsallakawa. Ba a ɗaukarsa a moɗa, ba a ɗaukarsa a yawu. Jikinki ne ke faɗa da fatar bakinki, ke kaɗai, ba ruwan kowa. Ni da za a bi tawa, ba za a sa wa jariri komai a baki ba sai nono, amma ni ma an tauna mini, ga ni. Yaron nan, kin ce ya fara shan nono lafiya, daga baya muƙamuƙi ya kulle, jiki ya sanƙare?"

"Haka aka yi."

"Cibiyarsa fa?"

Ta ce, "Ta ɗan kumbura. Tana ruwa."

"To ta nan ya shiga. Ina ganin irinsa, suna zuwa mini an makara. Abin yana cikin ƙasa, musamman inda dabbobi suke. In aka yanke cibiya da ƙarfen da ya taɓa ƙasa ba a tafasa shi ba, ko aka barbaɗa mata toka, shi ke nan. A baki yake fara nunawa, amma ba ta baki ya shiga ba. Ba ke ba ce, Inna."

Wani abu ya sauka daga ƙirjinta, har ta ji iska ta shiga inda ta daɗe ba ta shiga ba. Bai gama sauka ba ta ga askar. Ta gan ta soke a ƙasa kusa da kan yaron, ta gan ta a tsagar bangon turken awaki, ta ga Mairo tana goge ta a gefen zane tana yi wa jikanta waƙa.

Majo ya ce, "Wa ya yanke cibiyar?"

"Ban sani ba. Na tarar an yanke."

Ya kalle ta ta saman tabarau. Mutumin da ya daɗe yana jin ƙaryar marasa lafiya ya san wadda ba a taɓawa. Ya ba ta bututu na biyu, ya ce shi ne na ƙarshe a akwatin sai wani kamiyo ya zo. Ya ce in ja ya kwanta ta tsaya, in ta ga fari kamar kindirmo ya fito a harshe ta bari ta zo, kuma ta sani ciwon zai riƙa dawowa. Game da cibiya kuwa, sabuwar lam, wato reza, ga kowane jariri, zare a tafasa, kar a sa komai.

A wannan karon da yatsan ta shafa, shi ɗin dai. Ta tsane, ta lakata, ta zauna da carbi bakinta a rufe, abin da unguwa ba ta taɓa gani ba. A hankali jan ya dushe, saƙar gizon ta rage a kumatu amma ba zafi. Ranar da ta ci tuwo da yaji ta zauna ta yi kuka ita kaɗai. Magana ɗaya ta rage ta faɗa a bakin rijiya, ta ce Majo ya ce kaza, kafin la'asar a dawo mata da moɗar kowa. Amma maganar ba ta tafiya ita kaɗai. Duk wanda ya ji ba baki ba ne zai tambaya to mene ne, kuma amsar tana gidan Mairo, ita da jikanta da ya koma.

Cikin Biba ya tsufa. Wata hantsi Tabawa ta biya ta butikin wani Balarabe ta sayi lam, irin askar nan ta annasara mai baki biyu da ke zuwa a naɗe cikin takarda, ta wuce gidan taubashiyarta. Ta tarar da ita tana ba awaki dusa.

"Ina kwana, Tabawa, yaya jiki?"

"Ajiye ladabin nan, bai yi miki kyau ba. Roƙo na zo. Yaron nan bai bar ni ba, kullum azahar yana kan yatsana. Ina son ƙarfen da ya taɓa jikinsa in ɗaura a ƙuguna, ko zai sake ni. Ki ba ni askar kaka."

"Da me zan yi aiki?"

Tabawa ta kwance gefen zane. "Ga na zamani. Kowane jariri da tasa sabuwa, in an gama a jefa a masai. Majo ya ce a tafasa zare, toka kuma a bar ta a murhu. Ke kaɗai kika rage a ƙasar nan ba ki samu ƴancin kai ba."

Mairo ba ta yi dariya ba. Ta dubi lam ɗin, ta dubi tsagar bango, ta daɗe tana dubawa. Ita ma ungozoma ce ta shekaru, ita ma tana da waɗanda suka koma kafin suna, tana kuma da azahar ɗinta da ba wanda ya sani. Ta miƙa hannu ta zaro askar, ta riƙe ta ba ta bayar ba.

"Tabawa. Da kika je likita, me aka ce? Bakinki ne ko?"

Akuya ta ture ƙwaryar dusa. Tabawa ta ji an kama yatsan, ga shi ko azahar ba ta yi ba.

Ta ce, "Bakina ne."

Mairo ta sa mata askar a hannu, ta rufe yatsun a kai da nata hannun, ta ɗan jima a haka. Sai ta saki, ta share ido da bayan hannu, ta ce, "To tashi ki ba ni wuri, ƴar In-Gall, kin tsaya kina ƙirga mini awaki da ido."

Biba ta haifi namiji, aka yanke cibiyarsa da lam, ya kai suna, aka ce Alhassan. Ta aika a kira Inna Tabawa. Tabawa ta zo da dabino cike da faifai ta ajiye wa mai jego, ta ɗauki yaron ta yi masa addu'a, amma ba ta tauna ba. Biba ta roƙe ta. Ta ce, "Bakina ya yi ritaya kamar tsohon soja, sai dai fansho." Mata suka kalli juna, kowa ya ɗauka ta amsa laifinta ke nan, kuma ba ta gyara musu ba.

Ta ƙara shekaru tana kasa dabino. Ciwon yakan tashi, in akwai mai a likita ta shafa ya kwanta, in babu ta koma kunu har kamiyo ya zo. Moɗarta ta ci gaba da zama daban a wasu gidaje. Jariran Obitara suka rage komawa kafin suna, mutane suka ce ai tun da Tabawa ta daina tauna dabino aka samu sauƙi. Ta ji, ta ce madalla, ashe ko da rufe baki tana da amfani.

Yatsan bai daina ba. Masu kasuwanci kusa da ita sun ce in azahar ta yi sai ta ajiye hannun a cinya, ta buɗe shi, ta bar shi haka har a kira la'asar, kamar mai jiran yaro ya ƙoshi.

Da ta rasu Mairo ce ta yi mata wanka. Ta tarar da askar ɗaure a ƙugunta cikin ɗan kube na fata, ta yi tsatsa. Biba ta tambaya ko a mayar da ita gida, tunda gado ce. Mairo ta ce a'a. Ta fita da ita bayan gari ita kaɗai, da tsakar rana, ta dawo hannu wofi.